Masaukin Baƙi a Zangon Mita Biyu

Duk mai lasisin rediyon sha'awa da ya ƙuduri aniyar haɗa akwatinsa da intanet yakan kwashe makonni yana fama da wayoyi da kwamfuta da manhaja, sannan ya zaɓi lambar da zai riƙa watsa murya a kanta cikin minti biyar. A ganina lissafin a juye yake. Idan ka haɗa wayoyi ba daidai ba, kai kaɗai za ka sha wahala. Idan kuwa ka zauna a lambar da ba ta dace ba, waɗanda za su ji a jikinsu mutane ne da ba ka sani ba, ba ka kuma nemi shawararsu ba. Wannan lamba, wadda masu sauraro suka saba kira mita, zan kira ta gurbi a nan, don kada ta rikice da sunan zangon da nake magana a kai.

Bari in fara da abin da na'urar take yi. A shekarar 1997 wani ɗan Kanada, Dave Cameron, ya fara tsarin IRLP, a 2002 kuma Jonathan Taylor na Amurka ya fito da EchoLink. Dabararsu ɗaya ce: a ɗauki rediyon oba-oba a jona shi da kwamfuta, ta yadda abin da ya ji daga iska zai bi intanet, abin da ya zo daga intanet kuma zai fita ta eriya. Mutum na tafe a mota da ƙaramin akwati, sai ya danna lambobi, cikin daƙiƙu kaɗan ga shi yana hira da wani a Ostireliya. Irin wannan tasha ita nake kira mashiga. Mai ita kuwa mai masauki ne, domin muryoyin da ke fita ta eriyarsa na baƙi ne, kuma a wuyansa alhakinsu yake, tunda da lasisinsa da lambar kiransa suke shiga iska.

A nan ne mashiga ta bambanta da mutum mai riƙe da makirfo. Ladabin farko da ake koya wa sabon shiga shi ne ya kasa kunne tukuna, sannan ya tambaya ko akwai mai amfani da gurbin. Baƙon da ke magana daga wata nahiya ba shi da ikon yin haka yadda ya kamata. Ba ya jin komai sai abin da mashigar ta miƙa masa, bai san garin ba, bai san ƙarfe nawa ne a wurin ba. Idan kuma an jona mashigar da ɗaya daga cikin manyan zaurukan hira na intanet, inda tashoshi da yawa ke haɗuwa, to tana iya yini tana magana ba tare da ko mutum ɗaya a unguwar ya nemi hakan ba. Don haka sauraron da baƙo ba zai iya yi ba, dole mai masauki ya yi shi tun kafin ya buɗe ƙofa.

Ni a Ingila na yi nawa, saboda haka da taswirar can zan yi bayani. Ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, ta kasa duniya shiyya uku, kuma Turai da Afirka suna shiyya ta ɗaya. A wannan shiyya zangon da ake kira mita biyu, saboda tsawon igiyarsa, ya fara daga megahaz 144 ya tsaya a 146. A Amurka kuwa ya kai har 148. Wannan bambanci yana kayar da mutane, domin yawancin abin da aka rubuta kan mashigai daga Amurka ya fito. Gurbin da 'yan Amurka ke kiran juna a kai, 146.520, yana wajen iyakar da lasisi na yau da kullum ya halatta a Turai, haka ma a Nijeriya da Nijar da ke shiyya ɗaya da ita. Wanda ya kwafi lamba daga wata ƙasa tamkar wanda ya zo da takardar filin wani gari ne yana neman ya kafa tubali.

Megahaz biyun nan kuwa an riga an yanka su fuloti-fuloti, bisa tsarin da ƙungiyar IARU ta shiyyar ta amince da shi, ƙungiyar RSGB ta Birtaniya kuma take bugawa. Ƙasan zangon na masu farautar raunanan sigina ne, waɗanda ke kiran juna a 144.300, wasunsu har daga jikin wata suke dawo da sautinsu. A 144.800 na'urorin APRS ke aika bayanin wurin da mutum yake. Tashoshin maimaita magana, waɗanda ake kafawa a kan tudu don su ƙara wa ƙananan akwatuna nisa, suna saurare daga 145.000 zuwa sama kaɗan, suna mayarwa da tazarar kilohaz 600, wato daga 145.600. Gurbin 145.500 dandali ne na kiran juna: ka kira, a amsa, ku matsa gefe. Daga 145.800 zuwa 146 kuma na taurarin ɗan'adam ne, kuma a 145.800 ɗin ne ake jin 'yan sama jannatin Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa idan suna zantawa da 'yan makaranta. Mashigan intanet su ma an ware musu nasu, irin su 145.2375 da 145.2875 da 145.3375.

Mutum zai ce ai shi ke nan, sai a ɗauki ɗaya daga cikin ukun. Amma gurabe kaɗan ne ƙasa guda ke rabawa, kuma sigina ba ya tsayawa inda mai shi ya zata. A wannan zango igiya kusan miƙe take tafiya, don haka tsawon eriya ne ke yanke nisanta. Lissafin da aka saba yi ya nuna eriya mai tsawon mita 9 tana hango kusan kilomita 12, wadda ke kan tudu mai tsawon mita 100 kuma tana hango kusan 41. Haɗa biyun, sai ka ga mutumin da ke kan wancan tudu yana jin ka daga fiye da kilomita 50, alhali kai ba ka jin ƙaramin akwatin da yake hira da shi a kwarin da ke bayansa. Kafin ka ga biri, biri ya gan ka. Ƙari a kan haka, idan iska ta lafa a lokacin kaka, sararin sama yakan yi wa sigina kwararo, har muryar da ba ta saba wuce gari biyu ba ta tsallake Tekun Arewa ta sauka a Holan.

Abin da ke sa karon ya yi muni shi ne halin FM. Idan sigina biyu suka haɗu a gurbi ɗaya, akwati ba ya gauraya su a ji kowa kaɗan-kaɗan; mai ƙarfin yakan haɗiye mai raunin ɗungurungum. Mashiga mai eriya a kan rufi kusan kullum ita ce mai ƙarfin. Wanda aka haɗiye kuwa sau da yawa shi ne mai akwatin hannu na wat biyar.

Akwai maganin da ake yawan ambata, wato CTCSS, wani siririn sauti ne tsakanin haz 67 da kusan 254 da ake ɗora wa murya, mashiga kuma ba za ta buɗe kunnenta ba sai ta ji shi. Yana da amfani ƙwarai, domin yana hana hayaniya da tartsatsin na'urori bin intanet su dami tashoshin duniya. Sai dai kunne kawai yake toshewa, baki na nan a buɗe. Mashigar da ba ta jin kowa sai mai sautinta tana iya faɗawa tsakiyar hirar mutane biyu ba tare da ta san suna nan ba, sai fa idan an saita ta ta dakata duk lokacin da ta ji motsi a gurbin. Haka nan idan mashigai biyu suka zauna a gurbi ɗaya suna jin juna, kuma suna zaure ɗaya a intanet, sai su shiga jefa wa juna sauti ba ƙaƙƙautawa, har sai an cire ɗaya.

Kafin in kafa tawa, na bar akwati a kunne da manhajar ɗaukar sauti har tsawon wata guda, ina bin gurbin da nake so da maƙwabtansa na sama da ƙasa. Dalilin duba maƙwabta shi ne tazarar gurabe a Turai kilohaz 12.5 ce, kuma tsofaffin akwatuna da aka ƙera don tazarar 25 sukan fantsama gefe. Kwana shida ban ji komai ba a ɗaya daga cikinsu. A daren na bakwai sai ga dattawa huɗu sun hallara, suna gaisawa bi da bi, suna tambayar juna lafiyar gwiwa da labarin lambu. Daga hirarsu na fahimci ɗayansu ba ya iya fita daga gida, kuma wannan rabin sa'a ce ziyararsa ta mako. Babu taswirar da ta rubuta sunansu, ba su kuma mallaki gurbin ba, domin a doka ba mai mallakar gurbi. Amma sun riga ni zama, kuma baƙin da zan kawo za su sami wata ƙofar cikin dubbai, su kuwa wannan ce tasu.

Irin wannan shiru mai mazauna yana da yawa. Gurbin 145.525 yakan yi tsit, amma ranar Lahadi a nan ake karanta labaran RSGB. Masu aikin sa-kai na RAYNET, ƙungiyar da aka kafa bayan ambaliyar gabashin Ingila ta 1953, ba kullum ake jin su ba, sai ranar atisaye ko ranar da waya ta yanke. Ranar da suka fi bukatar gurbi a sarari ita ce ranar da ba wanda ya tsara.

Saboda haka ne nake ba sababbi shawarar su duba zangon santimita 70, wato megahaz 430 zuwa 440. Faɗinsa ya ninka na mita biyu sau biyar, kuma siginarsa ba ta cika yin nisa ba, abin da ya dace da tashar da unguwa za ta yi wa hidima. Shi ma da nasa sharuɗɗan. A Birtaniya ma'aikatar tsaro ce ke da fifiko a kansa, masu sha'awa na biye. Kusa da 433.92 makullan mota da na'urorin auna yanayi na gida ke ta ƙyafta sigina dare da rana, daga 435 zuwa 438 kuma na taurarin ɗan'adam ne.

Bayan sauraro sai tambaya. Hukumar Ofcom ce ke ba da lasisi, amma RSGB na da kwamitin da ke riƙe da jerin mashigai da tashoshin maimaita magana, ya san wanda ke ina da wanda ke shirin zuwa. Kowace ƙasa da nata tsarin, kuma sharuɗɗan lasisi kan sauya, don haka a karanta na yanzu. Jiran amsa kan gunduri mai ɗoki, amma hanyar lafiya a bi ta da shekara. Kulob ɗin gari ma ya cancanci a je masa, domin a can ake sanin hirarrakin da ba a rubuta ba.

Ko bayan an sami gurbi, sauran aiki. Ni wat kaɗan na bar wa tawa, eriyar kuma ban kai ta ƙololuwar rufi ba, domin iyakar inda nake so ta kai shi ne inda masu amfani da ita suke. Na saita ta ta riƙa faɗin lambar kiranta, ta yanke duk maganar da ta zarce 'yan mintuna, ta kuma fita daga manyan zauruka idan ba kowa a gida da ke saurare. Ina da hanyar kashe ta daga nesa, na kuma sanar da 'yan kulob yadda za su same ni. Idan wani ya kira ya ce baƙina sun hau kan maganarsa, nakan kashe tukuna, sannan mu zauna mu bincika.