Shekara 50 Na Saya a Akra

Duk wanda ya taɓa zaman haya a Akra ya san abin da ke sa mutum ya fara mafarkin gidan kansa tun aljihunsa bai kai ba. Dokar haya ta Ghana, wadda aka yi tun 1963, ta hana mai gida karɓar kuɗin da ya wuce na wata 6 a gaba, amma a aikace na shekara ɗaya ko biyu ake nema a dunƙule, in ba ka da su ga wani nan a bayanka yana jira. Kana gama biyan na wannan karon sai ka shiga tarin na gaba. Shekara 9 na yi a cikin wannan hali tsakanin Nima da Madina, tun da na baro Tawa na zo aikin gabatar da shirin Hausa a wani gidan rediyo, har na yi aure a nan, Allah ya ba mu 'ya'ya biyu. Ranar da na zauna na lissafa abin da na zuba wa masu gidaje, sai na ga da gini na sa shi da tuni an kai linta.

To amma ni ɗan Nijar ne, fasfona na Nijar ne, kuma a nan lissafina ya rabu da na abokan aikina 'yan ƙasa.

Lauyan da na fara zuwa wurinsa bai bari na gama bayani ba. Ya ce, "Malam, ka ajiye kalmar mallaka tukuna. Baƙo a ƙasar nan shekaru yake saye." Ya buɗe mini kundin tsarin mulkin Ghana na 1992, sashe na 266. Abin da ke ciki a fili yake: wanda ba ɗan ƙasa ba, ba a ba shi ƙasa ta zama tasa har abada, iyakarsa haya mai dogon zango, ita ma kada ta wuce shekara 50 a karo ɗaya. Ko ɗan ƙasa ma ba kasafai yake samun mallakar har abada ba, domin kusan kashi 80 cikin 100 na ƙasar Ghana a hannun sarakuna da dangogi take. A kudu suna cewa ƙasar kujera, saboda a kan kujera sarkinsu yake zama, a arewa kuma ƙasar buzu. Sarki ko shugaban dangi riƙo yake yi a madadin jama'arsa, waɗanda suka rasu da masu rai da waɗanda ba a haifa ba. Shi ya sa ɗan ƙasa yakan samu shekara 99, baƙo kuma 50. Masu dabarar buɗe kamfani su saya da sunansa su ma dokar filaye ta 2020 ta tare musu hanya, domin kamfanin da baƙi suka riƙe fiye da kashi 40 cikin 100 na hannun jarinsa, baƙo ne a idon doka.

Mu a Tawa ba haka muka tashi muka gani ba. Mutum ya sayi fili, a yi shaidu, ya karɓi takardarsa daga ma'aikatar magajin gari, shi ke nan zancen ya koma na 'ya'ya da jikoki. Na fito daga ofishin lauyan ina lissafi da yatsu. Shekarata 36. In na sa hannu bana, wa'adin zai cika ina da 86, in da rai. 'Yata ta fari tana da 6, za ta kai 56, wataƙila da jikokinta a tsakar gidan. Wannan lissafin ya hana ni barci kwanaki.

Da na kai maganar majalisarmu ta bayan sallar isha'i a Nima, ba wanda ya ga abin damuwa. Kowa amsa ɗaya ya ba ni: ka sa sunan maiɗakinka mana. Haifaffiyar Nima ce, iyayenta ma a nan aka haife su, 'yar ƙasa ce cikakkiya, shekara 99 za a rubuta mata ba gardama. Wani dattijo ɗan fatauci ya ce shi gidajensa biyu duk da sunan amininsa suke, shekara 20 ke nan ko tari bai ji ba. Na san da yawa daga 'yan'uwanmu da suka zo bida Kurmi haka suke yi, kuma galibinsu lafiya suke zaune.

Sai dai gidanmu yana da tsohon tabo a kan wannan dabarar. Kakana na wajen uwa fataken goro ne, irin waɗanda iyayensu suka bi hanyar Gwanja da jakuna, shi kuma ya zauna a zangon Kumasi ya gina gida mai ɗakuna da yawa yana saukar da baƙi. Takardun gidan da sunan wani amininsa ɗan ƙasa aka yi su. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fita daga ƙasar. Kakana ya danƙa wa amininsa mabuɗi, ya hau babbar mota da iyalinsa, Inna a lokacin tana goye. Aminin nan ya riƙe amana iyakar ransa, yana aiko da kuɗin haya duk sanda ya samu mai zuwa. Da ya rasu, 'ya'yansa suka buɗe akwati suka ga takarda da sunan ubansu, suka raba gado. Inna ba ta taɓa kiransu ɓarayi ba. Takan ce abin da suka gani a rubuce shi suka bi, kuma zanen aro ba ya rufe katara.

Ba Ghana kaɗai ta taɓa yin haka ba. A 1983 Najeriya ta kori baƙi, cikinsu har da 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya, jakar da suka kwashi kaya da ita har yau da sunansu ake kiranta. Ranar 29 ga Janairu 2025 kuma ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga CEDEAO ta tabbata. Ƙungiyar ta ce za a ci gaba da karɓar fasfo ɗinmu da barinmu mu shiga mu fita har sai an ji wata sanarwa. Wanda kakansa ya taɓa haɗa kaya cikin mako biyu ya san nauyin wannan "har sai". Ban ce wani abu zai faru ba, zamanmu da mutanen Ghana zaman mutunci ne. Amma in iska ta juya, na fi son a same ni da takarda mai sunana, ko da ta gajeren wa'adi ce.

Wadda ta yanke maganar ita ce maiɗakina da kanta. Na kawo mata shawarar majalisa ina zaton za ta yi murna. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Maigida, ka yi lissafin gado kuwa? In da sunana ne, ranar da ta Allah ta kasance a kanka, Inna ba ta da ko bulo ɗaya a ciki, alhali sudusi ne haƙƙinta. In kuma ni na riga ka, Baba da Mama kowa na da sudusi, kai rubu'i za a ba ka a gidan da ka yi da guminka. Kada mu ƙulla abin da zai haɗa dangi faɗa muna cikin kabari." Na ce to ita fa, me zai kare ta? Ashe ta riga ni tambaya. Dokar filaye ta 2020 ta ce abin da aka saya cikin zaman aure, miji ko mata ba mai sayar da shi ko ba da shi jingina sai da yardar ɗayan a rubuce. Ta ce wannan ya ishe ta.

Daga nan aka shiga nema, kuma nan ne baƙo yake gane cewa wa'adin shekara 50 shi ne ƙaramar matsalarsa. Unguwanni irin su East Legon da Cantonments ko kallo ban yi musu ba, da dala ake faɗin kuɗin gidajensu, duk da Babban Bankin Ghana ya sha hana hakan. Abin da ya taimake ni shi ne rabin ajiyata tana hannun wana a Tawa da kuɗin sefa, wadda take ɗaure da yuro. Lokacin da sidi ya faɗi warwas a 2022, wannan rabin bai narke ba.

Masu ƙaramin ƙarfi irina bayan gari suke nufa: Kasoa, Amasaman, Oyarifa, Dodowa. Duk inda ka bi za ka ga katanga an rubuta mata da jan fenti cewa wannan fili ba na sayarwa ba ne, ko kuma a dakatar da aiki. Dalili shi ne fili ɗaya akan sayar wa mutum biyu ko uku, wannan ya saya a hannun wani reshen dangi, wancan a hannun wani. Daga nan sai kowa ya ɗauko ƙarti masu gadin fili, su rushe abin da aka gina da dare. Dokar 2020 ta sa ɗaurin shekaru a kan wannan sana'ar, amma ba ta mutu ba. A wajen Kasoa, garin da sunansa ma daga kalmarmu ta kasuwa ya samo asali, an nuna mini wani gida mai kyau a kan kuɗin da ya yi arha har ya ba ni tsoro. Dillalin yana ta azalzala ta in ba da kafin alƙalami a ranar, wai akwai mai zuwa da yamma. Na karɓi taswirar filin na kai Hukumar Filaye aka bincika. Sunan da ya fito daban, sunan mai sayarwa daban. Ban sake ɗaga wayarsa ba.

Wanda Allah ya nufa rabona ne yana bayan Amasaman, kusa da hanyar Nsawam: ɗaki uku da falo, an yi rufi ba a yi shafe ba, a kan ƙasar wani dangi na Ga. Sau biyu na je cikin damina bayan an ɗauke ruwan sama, don in ga inda ruwa yake kwanciya, domin wanda ya ga ambaliyar 3 ga Yuni 2015 a Akra, ko ya ji labarinta, ba ya sayen gida da rani kaɗai. Na zauna da maƙwabta na tambaye su a hannun wa suka saya, kuma ko an taɓa tayar musu da hankali. Na ɗauko mai awon fili mai lasisi ya sake aunawa, aka sake bincike a Hukumar Filaye, aka duba ko akwai shari'a a kotu a kan wurin. Lauya ya nace cewa sa hannun shugaban dangi shi kaɗai bai isa ba, sai manyan dattawan gidan sun sa nasu.

Surukina, wanda yake jin Ga kamar Hausa, shi ya yi mini jagora wurin dattawan. A al'adarsu mai neman fili da kwalbar abin sha yake zuwa gaisuwa, shi ya sa har yau suke kiran kuɗin da kuɗin sha, kamar yadda mu za mu ce kuɗin goro. Baba ya yi musu bayani cewa mu Musulmi ne, aka sa kuɗi a ambulan, suka karɓa da fara'a. Kan farashi ba mu daɗe ba. Abin da ya ci mana zama uku shi ne layi biyu da lauya ya ce kada in sa hannu sai suna ciki: cewa in shekara 50 ta cika, ni ko magadana muna da damar sabunta hayar, kuma a bayyana yadda za a tsayar da kuɗin sabuntawar. Ya ce in ba a rubuta ba, babu wanda zai tilasta wa jikokinsu su sabunta wa jikokina, gini kuma ƙasa yake bi. A zama na uku shugaban dangin ya yi dariya ya ce wa Baba, "Surukin nan naka yana ciniki da mutanen da ba a haifa ba." Baba ya ce masa, "Ai kai ma su kake wa riƙo." Aka rubuta.

Bayan nan sai biyan harajin hatimi, da kai takardu rajista, da jira, da komawa, da sake jira. Akwai kuma kuɗin ƙasa da zan riƙa biya duk shekara, ba shi da yawa, amma yana tuna mini matsayina. Na kuma sa lauya ya rubuta mini wasiyya cewa a raba abin da na bari bisa shari'ar Musulunci, domin dokar gadon Ghana ta 1985 tana da nata rabon ga wanda ya rasu bai bar wasiyya ba.

Da na kira Inna na gaya mata, ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Ɗan nan, wato gidan haya ka saya da kuɗinka?" Na ce kusan haka ne, Inna. Ta ce, "Da sunanka dai?" Na ce da sunana. Ta ce to Allah ya sa albarka, amma kada in manta kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Na gane inda ta dosa. Akwai ɗan fili a Tawa da nake biya kaɗan-kaɗan ta hannun wana, kuma ba zan sake shi ba.

Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Amma Sabon Zango na Akra, wanda Malam Baƙo ya kafa a farkon ƙarnin da ya wuce a kan ƙasar da sarakunan Ga suka ba shi, yana nan cike da jikokin waɗanda suka zo da niyyar kwana kaɗan. 'Ya'yana ta wajen uwarsu 'yan Ghana ne, wataƙila ranar da za su je sabuntawa ba za a kira su baƙi ba. Wannan nasu ne, su da zamaninsu.

Mun tare kafin azumi, ba a gama shafen waje ba. Takardun na yi musu kwafi uku: ɗaya wurin lauya, ɗaya na aika wa wana a Tawa, ɗaya a gida cikin akwatin ƙarfe. A bayan jakar da suke ciki na rubuta da babban baƙi, da Hausa da Turanci, cewa wa'adi zai cika a 2075, kuma duk wanda yake raye a cikinmu ya je ya gaida dattawan gidan tun 2070, kada ya je hannu sake.