Abuja: Rumana Ta Dawo Gida Da Sunan Turawa

Matafiyin da ya taso daga filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe ya doshi tsakiyar Abuja ba zai rasa ganin masu lambu a gefen titi ba, sun jera tsirrai cikin baƙaƙen ledoji suna yi musu ban ruwa. Tun da gwamnatin tarayya ta tare a birnin cikin 1991, sayar da furanni ya zama sana'ar da ke ciyar da gidaje masu yawa, domin otal-otal da ofisoshin jakadanci da gidajen biki ba su rabuwa da bukatarsu.

Daga cikin furannin da ake yanka don ado akwai wanda Turawa ke kira gladiolus, wato ɗan takobi, saboda siffar ganyensa. Yana fitowa ne daga ƙwaya mai kama da albasa, ya yi doguwar sanda, furanni su riƙa buɗewa daga ƙasa zuwa sama. Irinsa kuwa ba ɗaya ba ne: White Prosperity fari ne, Oscar ja, Nova Lux rawaya, Peter Pears ruwan goro.

To, amma launi kaɗai ba ya isa a zaɓi iri. Mai lambun da ya san abin da yake yi kan shuka iri-iri kusa da juna, ya ƙirga kwanakin da kowanne ya yi kafin ya tsiro, ya auna tsawon sandarsa, ya lissafa furanninta, daga ƙarshe ya tone ya ga 'ya'yan da ƙwayar ta bari. Galibi ana samun fure bayan kwana 70 zuwa 100, kuma babbar ƙwaya ta fi ba da doguwar sanda.

Wahalar Abuja ita ce yanayi. Jos na bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, sanyinta na taimakon furanni, Abuja kuwa ba ta kai rabin haka ba. Zafin watan Maris kan gajarta sanda, ruwan Agusta kuma kan ruɓar da ƙwaya a ƙasar da ba ta tsanewa. Saboda haka irin da ke saurin fure, idan aka shuka shi a Nuwamba, zai kammala cikin sanyin hunturu kafin bazara ta kama shi.

Abin mamaki, wannan fure ba baƙo ba ne. Rumana da ke tsirowa a dazukan Arewa da damina, wadda masu maganin gargajiya suka daɗe da sanin ƙwayarta, tana cikin kakanninsa. Da irinta da aka kai Turai daga kudancin Afirka aka yi aure a ƙasar Beljiyam cikin 1837, aka samu zuriyar da ta haifi yawancin na zamani.

Ke nan ƙasarmu ba ta ƙi shi ba. Abin da ya rage shi ne mai lambu ya gwada kaɗan tukuna, kada ya zuba jarinsa duka bisa irin da bai taɓa ganin ranar Abuja ba.