Masallacin Yama: ginin ƙasa da gayya ta tayar

'Yan uwa mata, duk wadda ke bin hanyar Tawa zuwa Konni ta san Badagishiri. To kusa da nan akwai ƙauyen Yama, inda wani masallacin ƙasa ya kai sunan Adar har ƙasashen waje. Mun je mun gane ma idanunmu.

Tun daga nesa hasumiya huɗu ke tarbon baƙo, kowace da tata siffa, babu wadda ta yi kama da 'yar uwarta. Da munka nemi izini munka leƙa ciki, sai sanyi kamar bakin randa, alhali waje rana na dukan kai. In kin ɗaga kai, bakan gizo ne na icce da laka ya tallabi tulluwa.

Magini Alhaji Falke Barmu, ɗan garin, shi ya fara aikin a 1962. A 1975 ya sake rufin, daga baya ya tayar da hasumiyoyin, anka gama a 1982. A 1986 masallacin ya samu kyautar Aga Khan ta gine-gine, wadda ake ba fitattun gine-ginen ƙasashen Musulmi.

Abin da ya fi taɓa mu shi ne yadda anka gina shi. Gayya ce: wasu na bugun tubali, wasu na kawo icce, mata na jidar ruwa a kai. Ruwan nan, in babu shi, laka ba ta kwaɓuwa. Ashe ba haka asusunmu yake ba? Kowa ta kawo ɗan abin da take iyawa, a tara, ya zama babba.

Sai dai ginin ƙasa kamar jinjiri yake, kullum yana son kulawa. In damina ta iske shi babu yaɓe, ko indararo ya toshe, bango sai ya jiƙe ya zube. Ga shi samari sun karkata ga siminti da kwano, masu sanin bakan gizo na raguwa.

Garuruwanmu ma ba su rasa tsohon masallaci, ko zauren hakimi, ko rumbunan kakanni ba. A zaman mako mai zuwa, kowace ƙungiya ta tattauna: wane gini ne namu ke bukatar yaɓe kafin ruwan farko? Ko jika ɗaya munka ware don ladan magini, ko tulu goma na ruwa munka kai, mun taka sawun matan Yama.