RUMFUNAN GADO A KASUWAR KURMI ZAMANIN YAƘIN HITILA

Kwanan baya na shiga birnin Kano ta Ƙofar Mata, na wuce marina, na bi ta gefen Babban Masallaci, na gangara Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499). Ba sayayya ta kai ni ba, rumfar kakanmu na je nema. Na tarar da ita, amma a hannun baƙo, don magada sun sayar sun raba kuɗin.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya sha ba mu labarin wannan rumfa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu (1939-1945), zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Tun daga 1940 jiragen yaƙin Ingila sukan taso daga Takoradi su yada zango a Kano kafin su wuce Hartum da Misira. Iyakar ƙasar Faransa kuwa ta yi tsauri har 1942, fatake suka takura. Jiragen ruwa suka rage zuwa Ikko, saboda haka gishiri da kananzir da akoko da alawayyo suka yi wuyar samu.

To, a nan ne aka gane ɗan kasuwa na ƙwarai. Waɗansu suka ɓoye kaya a zaure suna jiran tsada, ko da yake malamai sun yi ta jan kunne cewa shari'a ta hana. Kakanmu kuwa ya ƙi. Shi ke zaune bisa buzu yana ciniki, ƙanensa na awo, yara na kai kaya cikin gida ga matan kulle. Matan sojojin da aka kai Bama yakan ba su bashi, ya rubuta da ajami, bai taɓa aika dan saƙo ya matsa musu ba. Bayan an gama yaƙi mazajen da suka dawo suka biya, wanda bai dawo ba aka yafe wa iyalinsa.

Ya ku 'yan'uwa 'yan kasuwa da ma'aikata, rumfar gado ba jari ba ce kurum, makaranta ce inda yaro ke koyon cika mudu da riƙon amana a gaban ubansa. In mun sayar da ita, ina 'ya'yanmu za su koya? Allah ya jiƙan magabata, ya sa mu gama lafiya, amin.