Tsere da Sikelin 'Yan Gwangwan

Asabar, Giyawa

An yi hutun makaranta, albasa kuma ba ta isa cira ba, saboda haka 'yan kwanakin nan nawa ne. Na ware naira 20,000 daga albashi, har da kuɗin mota a ciki. Tsofaffin kaya nake nema: kuɗin da aka daina kashewa, langa da tasa irin na jeren iyayenmu, kaset, duk abin da hannu ya daɗe yana taɓawa. A Ingila da Amurka akwai shagunan da ake tara irin wannan kaya a jera su da farashi a jiki. Mu nan gwanjonmu na tufafi ne da takalma. Tsohon kwano kuwa hanya biyu gare shi, ko ya zauna ƙarƙashin gadon tsohuwa, ko ya hau sikelin 'yan gwangwan.

Da ƙarƙashin gadon na fara. Na kai wa Gwaggo goro, muka gaisa, na faɗa mata abin da ke tafe da ni. Ta sa jikarta ta jawo wata fanteka mai murfi, ƙura ta yi mata rawani. A ciki langa ce cikin langa, har biyar, fari da jan fure, bakin kowace ya ɗan ɓantare ya nuna baƙin ƙarfe. A can ƙasa akwai ƙullin tsumma. Da ta kwance sai ga anini da dari da kwabo, duk masu huji, da sisi guda.

"Mi kaka yi da su, ɗan nan? Ko goro ba su saye."

Na ce ajiya zan yi, in nuna wa yara a aji. Ta juye mini su a hannu kyauta. Da na kai ido kan langa sai ta mayar da murfi. "Waɗanga sai bayan raina."

Ta ce a zare suke shirya su da, a ɗaure a gindin zane. Anini 10 kwabo guda, kwabo 12 sule guda, sule 20 fam guda. Har yanzu lissafin yana bakinta, ba gargada, alhali tun ranar 1 ga Janairu 1973 naira ta karɓi wurin fam.

Lahadi, Goronyo

Ranar kasuwa. Da sassafe na fita, kuma na ƙudurta zan baro kafin la'asar. Tun harin da aka kai wa kasuwar nan a watan Oktoba 2021 mutane da yawa haka suke yi, ba sai an gaya wa kowa ba.

Na wuce 'yan gwanjo suna ɓare dila, na wuce 'yan koli da allura da kwalli da madubi, na nufi bayan kasuwa inda 'yan gwangwan suka rataye sikelinsu a jikin icce. Abu na farko da na gani ya ɓata mini rai: tasar tagulla mai zanen sassaƙa, irin aikin Bida, an riga an take ta an lanƙwashe don ta shiga buhu. Na ɗaga ta ina juyawa. Wani maƙeri ya zauna ya buga wannan zane ɗigo-ɗigo, yaron da ke kan sikelin kuma da duka biyu na guduma ya gama da shi.

Ban ga laifin yaron ba, sana'arsa yake yi, kuma a wurinsa na koyi yadda abin yake tafiya. Tagulla ce mai tsada a kilo, sai alminiyam, ƙarfe ne na ƙarshe. Don haka tasa ita ce take fara ɓacewa daga gari, don kuɗinta yana da ɗan auki. Alminiyam maƙeran tukwane ne suke narka shi. Langa kuwa siririn ƙarfe ce da aka shafe da fenti mai ƙyalli, ba nauyi, ba daraja a sikeli. Wannan ya yi wa mai ƙaramin aljihu irina daɗi.

Na tambayi wani dutsen guga na gawayi mai zakara a murfi. Ya sa masa kuɗi kamar sabo, kuma da gaskiyarsa. Inda wuta ba ta zama, dutsen guga na gawayi kayan aiki ne, mai wanki zai saye shi gobe. Haka keken ɗinki na ƙafa, haka fitilar ƙwai. Abin da ake amfani da shi ba ya araha don ya tsufa.

Ina tsaye wata mata ta iso, za ta yi shekara 50, da buhu a kai. Ta sauke ta zazzage: langa uku, ƙaramar tasa ɗaya, da faranti mai hoton dawisu. Yaron ya haɗa langa da farantin ya rataya, ya faɗi kuɗin da ko mudun gero ba zai saya ba. Ba ta yi ciniki ba. Ta dai tsaya tana kallon allurar sikelin.

Na ce, "Inna, in kin yarda ni in saya, ba da awo ba."

Ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce kayan ɗakinta ne. Sun baro ƙauyensu da dare, da abin da kai zai iya ɗauka, yanzu suna raɓe a gidan dangi a cikin gari. "Wagga tasa ta uwata ta. Da ita anka kai ta, da ita anka kai ni."

Na ba ta 4,500, kusan duk abin da na yi niyyar kashewa yau da gobe. Ya fi na sikeli nesa, amma ni da ita mun san ba kuɗin kayan ba ne. Na zo neman araha, ga ta na samu, ga kuma dalilinta tsaye a gabana tana ƙulle kuɗi a bakin mayafi. A mota na riƙe buhun a cinya don kada kayan su yi ƙara.

Litinin, gida

Ba fita. Tasa na wanke da jiƙon tsamiya da toka mai laushi, sai ga ja-ja-jan tagulla ya fito. Langa ruwa da sabulu kawai, don yashi yana kashe mata ƙyalli. Kuɗin ma ban goge su ba. Duhun da shekaru suka sa musu wani ɓangare ne na darajarsu, wanda ya kankare shi ya rage musu kuɗi.

Na ari tabaran Kawu na duba su ɗaya bayan ɗaya. Gefe guda tauraro mai tsini shida, ɗaya gefen kambin sarauta da haruffan Larabci, huji a tsakiya inda kan sarki zai zauna. A kan wani kwabo na karanta 1936 da sunan Edward na Takwas, sarkin Ingila da ya sauka daga gadon sarauta a watan Disamba na shekarar, saboda matar da yake son aure. A ƙasarsa ba a kai ga sakin kuɗi da sunansa ba, amma a nan Afirka ta Yamma an saki, ga shi ya kwana shekaru a tsumman Gwaggo. An buga shi da yawa, ba zai sa ni arziki ba. Wanda nake kwaɗayi shi ne aninin 1907 na alminiyam, wanda daga shekara mai bi aka koma buga shi da wani ƙarfe mai ƙwari. Babu shi a ciki.

Kawu yana kishingiɗe yana kallona. Ya ce, "Malam, kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba." Na ce ai shi ya ba ni tabarau.

Talata, Wurno

Ba a shiga Wurno a wuce hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya mai da garin ribaɗi ya kuma rasu a nan a 1837. Na yi ziyara, sannan na nemi wani abokin karatuna da ke harkar tafarnuwa. Shi ya ce akwai wani dattijo da ke da "tsohon abu" yana son rabuwa da shi.

A zaure ya karɓe mu. Ya shiga ya fito da gafaka, fatar ta yi baƙi ta bushe. A ciki takardu ne warwara, ba ɗinki, rubutun hannu da tawada baƙa da ja, a ƙasan kowane shafi an rubuta kalmar farko ta shafi na gaba don kada jeri ya rikice. Gara ta ci gefe ɗaya. Na nemi izini na ɗaga warƙa guda a hasken ƙofa, sai ga jinjirin wata uku a jere cikin jikin takardar. Irin takardar nan a Italiya ake yin ta, fatake su ratso hamada da ita, kuma da ita malaman ƙarni na 19 suka yi rubutu da yawa a ƙasar nan.

"Nawa za ka ba da?"

Na ce, "Baba, wannan ya fi ƙarfin aljihuna, kuma ko ina da kuɗin ba na kasuwa ba ne." Na gaya masa akwai dokar 1979 ta hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, wadda ta hana cinikin kayan tarihi sai ga wanda aka ba izini, kuma aikin hannun mutanenmu da aka yi kafin 1918 yana cikin abin da ta ambata. Na ba shi shawara ya kai cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato a duba, ko ba komai za a gaya masa littafin wane ne da yadda zai kare shi daga gara. Bai ji daɗi ba. Magani yake son saya, ni kuma na kawo masa doka. Ya mayar da takardun a hankali ya ɗaure igiyar, muka yi sallama sama-sama.

Yau ban sayi komai ba sai ruwa da dafaffen rogo.

Laraba, Achida

Kasuwar dabbobi ce ta ja kowa, ni kuwa wurin wani mai gyaran rediyo na lafe. Ƙarƙashin teburinsa akwai kwali cike da kaset, ya ce tun da waƙa ta koma cikin waya ba wanda ya tambaye shi. Na zauna a ƙasa ina tonawa. Wa'azi, wa'azi, waƙar Indiya, sai ga Narambaɗa, sai Ɗankwairo, sai Ɗan Anace, mawaƙin Shago, an rubuta sunan da jan biro a kan takardar da ta koma ruwan ƙasa. Na zura biro a ramin kowanne na juya, wanda zarensa ya cije na ajiye. Ya sa na Ɗan Anace a rediyonsa don gwaji. Kafin kalangu ya yi nisa wani mai awaki daga wajen Gandi ta ƙasar Rabah ya tsaya, da igiya a hannu, ya manta da cinikinsa.

Tsayuwarsa ce ta jawo mini tsada. Mai rediyo ya ga mutum biyu suna so, nan take ya ce ai akwai sirri a tsofaffin kaya, ya ji ana neman tsohuwar rediyo da keken ɗinki saboda wai akwai jar zaiba a ciki. Wannan tatsuniya ta zaga duniya. A Saudiyya a 2009 ta sa mutane sun yi ta rububin tsofaffin kekunan Singer da kuɗi masu yawa, kuma ba abin da aka samu a ciki. Illarta gare ni ita ce, da ka tambayi tsohon abu sai a ɗauka ka san wani abu da mai shi bai sani ba. Na miƙe na karkaɗe riga kamar zan tafi. Muka daidaita a 1,500, kaset shida.

Alhamis, Sakkwato

Kuɗin mota ya ci rabona na yau tun kafin in sauka. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, nisa ya zama abin da ake saya da tsada.

A Tsohuwar Kasuwa na sami wani ɗan koli tsoho da kwanon tsofaffin kuɗi a gabansa. A nan ba sikeli, amma akwai waya. Ɗansa yana gefe, duk abin da na taɓa sai ya ɗauki hotonsa ya duba abin da ake sayar da shi a intanet, ya faɗo kuɗin da dala. Na ce masa wanda zai biya dalar yana Landan, ni daga Giyawa nake.

Tsohon ya yi dariya ya ciro liyari daga aljihun ciki. Babba ne, ya cika tafin hannu, gefe ɗaya sarauniya Mariya Tareza ta Ostiriya, ɗaya gefen gaggafa mai kai biyu. Ɗan ya nuna mini 1780 yana cewa ya haura shekara 240. Na ce shekarar da ta rasu ke nan, kuma duk wanda aka buga bayan nan, har na zamanin nan, wannan shekara yake ɗauke da ita. Uban ya gyaɗa kai, ya san haka. Ya ɗora shi a kan ɗan yatsa ya ƙwanƙwasa da wani, ƙarar ta yi tsawo, siririya. Ya ciro na jabu ya buga, ta mutu nan take. Nauyinsa wajen giram 28 ne, yawancinsa azurfa ce, kuma ita ma tana da mai jiranta, wato maƙeran farfaru masu zobe da munduwa. Kuɗin da ya faɗa ya ninka abin da na fito da shi daga gida tun ranar Asabar. Na mayar masa da hannu biyu.

Na tashi da tsohuwar takardar naira ɗaya mai hoton Herbert Macaulay, da sule guda na 1959, duka 1,000. Ya ƙara mini taro gyara.

Juma'a, Giyawa

Bayan masallaci na zauna lissafi. Mota da ɗan abin taɓawa sun ci wajen 11,000, kaya 7,000. Wato hanya ta fi kayan tsada, kuma mafi kyawun abin da na samu, a ɗakin Gwaggo da bayan kasuwar Goronyo na same shi, ba inda na fi kashe kuɗin mota ba. Na buga katako a bango na jera langa, tasa a tsakiya. Uwargida ta leƙo ta ce to, yau kuma ni aka yi wa jere.

Saura 2,000. Da yamma na tare yaron da ke zagaya unguwarmu da kura yana sayen gwangwan. Na ba shi su kafin alƙalami, a kan duk tasa ko langa ko kuɗi mai huji da ya samu ya ajiye mini kada ya take, zan biya shi sama da kilo. Na ƙara da cewa in mai kayan tana kusa ya kira ni mu yi cinikin da ita.

Ya lissafa kuɗin ya soke a aljihu. "To Malam, amma ka sani, ran Lahadi mota ka lodi. Abin da ba ka zo ka ɗauka ba ran Asabar da marece, buhu zai shiga."