Rubutu a Kan Kwamin Baftisma na Ƙasar Ayalan

A tsofaffin majami'un ƙasar Ayalan, galibi kusa da ƙofar shiga, akan tarar da wani dutse da aka sassaƙa aka rarake cikinsa, mai kama da babban turmi a bisa ginshiƙi. Shi ne kwamin baftisma, wato mazubin ruwan da Kirista ke yi wa jariri wankan shiga addini da shi, a kuma ambaci sunansa a gaban jama'a. An ajiye shi bakin ƙofa ne domin a wurinsu baftisma ita ce mashigar addini. Tun a taron malaman majami'a da aka yi a garin Kashel wajen shekarar 1172, zamanin Sarki Henry na Biyu na Ingila, aka zartar cewa a majami'a za a riƙa yi wa yara wannan wanka, a kan irin wannan dutse. Da yawansu kusurwa takwas gare su. Waɗansu, kamar na garin Kulonad a gundumar Mid, zane ne ya lulluɓe su: ga gudun da aka yi da Annabi Isa zuwa Masar, ga kuma baftismarsa a Kogin Urdun. Helen Roe ta bi na wannan gunduma ɗaya bayan ɗaya, ta wallafa littafi a kansu a 1968.

To amma waɗanda suka fi cancantar ɗalibin harshe ya tsaya a kansu su ne masu rubutu. Alal misali, a majami'ar Santa Ana da ke unguwar Shandon a birnin Kok akwai wani da aka yi a 1629. Ginin da yake ciki yanzu sai a 1722 aka yi shi, domin majami'ar da ta gabace shi ta rushe lokacin da aka yi wa birnin ƙawanya a 1690. Ke nan dutsen ya girmi ɗakinsa da shekara kusan ɗari. Abin da aka rubuta a jikinsa gajere ne, da Ingilishi: Walter Elinton da William Ring ne suka yi shi da kuɗin aljihunsu. Iyakarsa ke nan. Wani abin sha'awa, kalmar da ake tsammanin gani da harafin "f" a farkonta, wato "font", sai masassaƙin ya rubuta "pant". Wanda ya san yadda sautin "f" ke rikiɗa a bakin Bahaushe daga wannan kari zuwa wancan ba zai rasa yin murmushi ba, ko da yake ba dalili guda ya haifar da al'amuran biyu ba.

Abin lura a nan shi ne wanda dutsen ya ambata da wanda ya yi shiru a kansa. Ya ambaci masu hannu da shuni da suka biya, da shekarar da suka biya. Dubban jariran da aka raɗa wa suna a bakinsa kuwa ko ɗaya bai riƙe ba. Harshen ma haka ne. Mafi yawan irin waɗannan rubuce-rubuce da Latin ne ko Ingilishi, alhali a ƙarni na 17 akasarin mutanen tsibirin Ayirish suke ji, harshen da ke da daɗaɗɗen adabi a rubuce. Ba rashin haruffa ya hana shi hawa dutsen ba. Rashin iko ne. Daɗin daɗawa, tun bayan da aka ɗora Henry na Takwas a kan shugabancin majami'ar ƙasar a 1536, tsofaffin gine-ginen ibada suka koma hannun majami'ar hukuma, yayin da mafi yawan talakawa suka tsaya a ɗariƙar Katolika. Sai ya zama kwamin da kakanni suka sassaƙa yana cikin ɗakin da jikoki ba sa shiga.

Wani zai ce ai ba aikin dutse ba ne riƙe sunayen yara, aikin littafin rajista ne. Gaskiya ne, kuma a nan takaicin yake. Bayan da aka raba majami'ar da hukuma a 1871, doka ta mayar da tsofaffin rajistocinta dukiyar gwamnati, aka kwashi masu yawa zuwa ma'adanar takardu da ke Dabilin domin a tsare su. Ranar 30 ga Yuni, 1922, a farkon yaƙin basasa, ma'adanar ta kama da wuta. Rajistocin ɗaruruwan majami'u suka zama toka a wuni guda. Waɗanda suka tsira galibi su ne waɗanda aka bari a ƙauyukansu, a hannun limaman da ke da wurin adana su, ko waɗanda aka kwafa kafin a miƙa.

Rajistocin Katolika ba su shiga wannan gobara ba, tun da ba a taɓa kai su can ba. Sai dai da yawansu ba su fara ba sai a ƙarshen ƙarni na 18 ko farkon na 19, saboda dokokin ƙuntatawa da talauci, kuma gwamnati ba ta soma rajistar haihuwar kowa da kowa ba sai a 1864. Saboda haka mutumin Amurka ko Ostireliya da ya zo neman asalin kakansa sau da yawa yakan ƙare ne a gaban kwamin dutse, yana karanta sunan wanda ya biya kuɗin sassaƙa shi.