Yadda Muka Koyi Faɗin Jiya da Turanci a Jimeta

Mu ’yan UPE ne. A shekarar 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe ƙofar firamare kyauta ga kowane yaro, kuma a shekarar ce aka ƙirƙiro Jihar Gongola, Yola ta zama babban birninta. Ma’aikata suka yi ta kwararowa Jimeta da iyalansu daga Mubi, Numan, Ganye da Jalingo. Shi ya sa ajinmu ya tara harsuna: ga mai Fulatanci daga cikin garin Yola, ga Bachama, ga Chamba, ga Kilba, ga mu da muka tashi da Hausar Luggere da Limawa. A filin wasa Hausa ce ke haɗa mu. A cikin aji kuwa Turanci ne ke jiranmu, kuma babu inda ya fi ba mu wuya kamar wajen faɗin abin da ya riga ya wuce.

Allah Ya haɗa mu da malami na gari a aji huɗu. Dattijo ne Bafulatani, kullum a kan kekensa yake zuwa daga Yola, yana jin Fulatanci da Hausa da Turanci, bai raina ko ɗaya ba. Ranar da zai fara koya mana shuɗaɗɗen lokaci, da Hausa ya cika rabin allo: na tafi, ka tafi, kin tafi, ya tafi, ta tafi, mun tafi, kun tafi, sun tafi.

“Yara, mene ne yake canzawa a nan?”

“Na farkon, Malam!”

“Tafi fa?”

“Yana nan yadda yake, Malam!”

Sai ya koma ɗaya rabin ya rubuta I went, you went, he went, she went, we went, they went. A ƙasa ya ƙara: na tafi, zan tafi, I went, I will go. Ya ce mu lura da kyau. Bahaushe yana nuna lokaci ne a ɗan lamirin da ke zuwa kafin aikatau, shi ya sa “na” da “zan” suka bambanta, “tafi” bai motsa ba. Bature kuwa idan zai faɗi abin da ya wuce, aikatau yake taɓawa, ya bar wakilin suna yadda yake: I ɗin jiya shi ne I ɗin gobe. Ya ƙara mana da albishir, cewa ko wane ne ya yi aikin, siffar aikatau ɗaya ce, in ban da was da were. Ajin ya yi tsit, don kowa ya ga cewa abin da muke tsoro yana da tsari.

’Yan Fulatanci su suka riga mu kama zancen -ed da ake ƙara wa wutsiyar aikatau. Malam ya tuna musu cewa a harshensu ma wutsiyar aikatau ce ke nuna an gama aiki, kamar a “mi nyaami” da “o wari”. Amma da aka zo kan he da she sai reshe ya juye da mujiya, domin “o” ɗinsu na mace da namiji ne duka, mu kuwa da “ya” da “ta” muka buɗe baki. Namu cikas ɗin shi ne it: mota a wurinmu mace ce, sai ka ji yaro ya ce she stopped yana nufin a-kori-kura. Malam ya zaunar da mu bibbiyu, Bahaushe da Bafulatani, kowa ya riƙa gyara wa ɗan’uwansa.

Wajen korewa ne ya kawo misalin da har yau nake jinsa a kunnena. Ya ce did ɗan dako ne irin na kasuwar Jimeta: idan ya ɗauki kayan lokaci, aikatau sai ya tafi hannu rabbana, don ba a biyan dako biyu a kan kaya ɗaya. Daga ranar I did not go da did you see him suka zauna mana daram.

Aikatau masu taurin kai, waɗanda ba sa karɓar -ed, su kam sai hadda, kuma Turanci yana da su kusan 200. A zafin Afrilu, lokacin da kwanon aji ke turiri, sai a fito da mu gindin dalbejiya mu yi ta rerawa: go, went, gone, eat, ate, eaten, catch, caught, caught. Ga wanda ya saba da allo a makarantar asuba, wannan ba baƙon abu ba ne. Da dare a gaban fitilar ƙwai mukan buɗe Brighter Grammar ko First Aid in English, waɗanda aka naɗe da takardar siminti, wa ya bar wa ƙane, ƙane ya ara wa maƙwabci.

Sai maganar bayanau. Kowace Litinin kowa zai miƙe ya faɗi abin da ya yi a hutun ƙarshen mako, kuma dole ya sa yesterday, ko last Friday, ko two days ago. Wani ya je Geriyo ya ga masunta, wani ya raka babansa gadar Binuwai, wanda ya je kallon hawan Lamido Aliyu Musdafa da Sallah kuwa ya samu labarin wata guda. A nan Malam ya nuna mana cewa “na gan shi” tamu tana aiki ga jiya da ɗazu duka, amma a Turanci da zarar ka ambaci lokacin, I saw him yesterday za ka ce, have ba ta da wuri. Ya nuna mana cewa never kan zo kafin aikatau, yesterday kuma a farkon jimla ko ƙarshenta, ba a cusa shi tsakanin aikatau da abin da aka yi wa aikin.

Wannan tushe ne ya riƙe mu a sakandare, a hannun malamai ’yan Ghana da Indiya waɗanda ba sa jin ko kalma ɗaya ta Hausa. Shi ya kai mu ga jarrabawar WAEC. Kafin nan ma, shi ya sa tsofaffin unguwa suke kiranmu zaure mu rubuta musu wasiƙa.

Yau akwai Jami’ar Modibbo Adama, da jami’ar AUN, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya, ga makarantun kuɗi a kowane lungu na Jimeta. Duk da haka nakan ga did you went a saƙon WhatsApp na matasa masu takardar shaida, abin ya dame ni. Yaran nan ba su gaza mu basira ba. An hana su harshen gida a aji, ba a kuma nuna musu inda ya sha bamban da Turanci ba, alhali manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen da ya tashi da shi.

Kirana ga malaman Turanci na Adamawa shi ne, ku fara da abin da yaro ya zo da shi daga gida, ku jera shi gefe da gefe da Turanci a allo, sannan ku sa shi ya ba da labarin jiyansa da bakinsa. Malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu, Ya sa abin da suka koya mana ya zama sadaka mai gudana.